Innarmu da Ɗan Farinta

Innarmu ta rasu ana tsakiyar cirar albasa, buhuna jere a bakin gudro, wato titin kwalta, suna jiran manyan motoci, zafi kuma ya fara korar mutane daga ɗaki. Da asuba ta cika, kafin rana ta take gidanmu ya cika maƙil har ƙofar maƙwabta. Ni ce autarta, a hannuna kuma ta cika, shi ya sa duk wanda ya shigo ni yake nema, ko da yake ga yayyena nan zaune a tabarma ɗaya da ni. Na zauna rubuta wannan ne don kada nan da ƴan shekaru jikokinta su riƙa cewa "wata tsohuwa ce mai kirki" su wuce. Ta fi haka, kuma akwai inda ta gaza, ina so a riƙe duka biyun.

Matan zumunta na majami'armu ne suka fara isowa. Suka zauna a gindin bishiyar bedi suna rera waƙoƙin da take so, a hankali, ba kiɗa. Matan unguwa, waɗanda kusan dukansu Musulmi ne, ba su tsaya tambayar kowa ba, suka kama ɗebo ruwa da hura wuta. Akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai da muke katanga ɗaya da ita, wadda tun ina goye suke faɗa da Inna a kan awaki. Ita ta fi kowa kuka. Ta tsaya a bakin ɗaki tana cewa, "Yanzu da wa za ni hwaɗa? Kin tahi kin bar ni da awakinki marasa kunya. Allah shi jiƙanki!" Wata ta taɓa ta don ta sassauta, ta ture hannun. "Ku ƙyale ni. Ni na san wadda nika roƙa ma."

Wani direban kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya taso tun daga Madawa, ƙato mai furfura a gemu, ya durƙusa gabana yana shessheƙa kamar yaro. Uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa a asibitin mishan na garinmu, Inna ce ta goya shi har danginsa suka waiwaye shi. Irinsa sun fi a ƙirga da yatsu. Malaman jinya, masu shara, malaman lakkol, wato makarantar boko, kowa ya buɗe baki sai ya ce "uwarmu". Har na fara jin haushi, na ce a raina to mu da ta haifa a bar mana ko gefen zanenta mana.

Mutum ɗaya ne bai ce "uwarmu" ba. Yaya Babba ke nan, ɗan farinta. Ya iso da hantsi daga ƙauyenmu na asali, can bayan Tabotaki, shi da ƴaƴansa maza. Dattijo ne mai farin gemu, Musulmi, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu idan liman ba ya nan. Bai zauna a tabarmar karɓar gaisuwa ba. Ya tambayi inda za a sa ta, ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya karɓi diga daga hannun samarin majami'a. Ƙasarmu ta Adar dutse ce, ba ta ba da kabari da sauƙi. An yi an yi ya bar wa yara, ya ƙi.

Da aka kawo ta, fastonmu ya tsaya ya yi magana. Matashi ne, bai daɗe da zuwa garin ba, kuma yana son Inna ƙwarai. Ya yabe ta yadda ya kamata, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ta bar ƴaƴa biyar, dukansu ta sa su a hanyar Ubangiji, babu wanda ya ɓace mata." Mu shida ne. Wanda aka tsallake yana tsaye kusa da fasto, ƙasar kabarin har gwiwarsa. Wani dattijon majami'a ya matsa ya yi wa fasto raɗa, fasto ya daburce ya gyara, amma magana zarar bunu ce. Ban ga laifinsa ba. A ina zai sani? Inna ba ta taɓa kama sunan Yaya Babba a gaban kowa ba, ba ta taɓa nuna shi ta ce "ga ɗana" ba. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe ƙasa daga hannunsa.

Wanda bai san mu ba zai ce ƙiyayya ce, ko kuma addini ne ya raba su. Ko ɗaya babu. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Idan ya faɗi, wata ce za ta ɗaga shi. Yanzu abin ya yi sauƙi, matan zamani har hoton ɗan fari suke sawa a fuskar waya, amma a zamanin su Inna da wannan ake auna tarbiyyar mace. Ita kuwa Inna duk abin da ta kama, da hannu biyu take kama shi.

A ƙauye ta haife shi, tun kafin ita da Baba su san wani abu wai shi majami'a. Da lokacin yaye ya yi aka kai shi gidan Baffa, yayan Baba, kamar yadda aka saba. Baffa ba shi da ɗa namiji, sai yaye ya zama riƙo, ba wanda ya ga abin magana. Bayan ƴan shekaru Baba ya kamu da tari mai tsanani, aka ɗoro shi a jaki aka kawo shi asibitin mishan. Jinyar ta yi tsawo. Inna ta zauna da shi a rumfunan masu jinya tana yi masa girki a murhun duwatsu, a nan suka ji labarin Yesu, a nan kuma suka ba da gaskiya. Da Baba ya warke aka ba shi aikin ban ruwa a lambun asibiti, suka kafa bukka, mu sauran duk a nan aka haife mu.

Baba ya koma ƙauye don ya ɗauko yaron. Baffa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Kun zaɓi hanyarku, ban hana ku ba. Amma wanga yaro da ni ya buɗe ido, da ni shika zuwa masallaci. In uwatai na son abinta, ta zo ta hwaɗi da bakinta." Baffa ya san abin da yake yi. Ya san sarai da Inna ta tsaya gaban yayan mijinta ta ce a ba ta ɗanta na fari, gara ta faɗa rijiya. Ba ta je ba. Yaya ya tashi a gidan Baffa, ya yi karatu, ya yi aure, ya gaji gona. Ba zan yi wa Baffa ƙarya don yana ƙasa ba, ya riƙe shi tsakani da Allah.

Mu biyar da muka tashi a gabanta kuwa, mun ga tarbiyya. Gajeriya ce Inna, mai wushirya, mai saurin tafiya, idan ka bi ta kasuwa sai ka haɗa da gudu. Ranar Lahadi ita ke riga kowa zuwa majami'a, amma ba ta zama gaba, bakin ƙofa take zama don ta ga wanda ya makara daga gidanta. Ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya ba ta sani ba, sai dai duk abin da ta ji an karanta takan ƙulle shi a ka ta kawo gida. Makarantarta gindin turmi ce. Da gari ya waye, kafin a tafi lakkol, za ta kira kowa da sunansa ya zo ya zauna. Tana daka tana ba da labari, idan labarin ya kai wuri mai daɗi sai ta tsayar da taɓarya a sama ta ce, "Sai mi ya hwaru?" Wanda ya yi gyangyaɗi ya sha ranƙwashi. Ba a ba ka kunu sai ka faɗi abu ɗaya da ka riƙe, ko da rabin magana ne. Wani yayana, wanda yanzu shi ke tsayawa gaban jama'a da tabarau yana wa'azi, ya shekara yana shan kununsa da amsa ɗaya tak, "Allah na son mu", har Inna ta gaji ta ce aku ma ya fi shi ƙoƙari.

Idan aka ce mata ai akwai makarantar Lahadi, me ya sa take wahalar da kanta, sai ta taɓe baki. "Pasto ran Lahadi shika ganinku, kun yi wanka kun shahwa mai. Ni ka ganinku da majina. Mai ganin majinar yaro shi ka gyaran halinai." Takan ce bangaskiya ba gona ba ce da za a jira mutum ya mutu a raba wa magada, tun kana raye kake ba da ita, da hannunka. Da jikoki suka zo ba ta sassauta ba. Na Yamai sukan zo hutu da Faransanci a baki, su ce mata ba su iya addu'a da Hausa ba. Sai ta ce, "To yi da nasaranci, Shi shina ji. Amma ka ɗaga murya, in san inda za ni cewa amin." Marayun da ta goya, da ƴaƴan ma'aikatan asibiti da iyayensu ke sammakon aiki, duk a gindin turmin nan suka zauna.

Bayan labari sai addu'a. Nan ma suna-suna take bi, daga babba zuwa ƙarami, kuma ba ta rufa wa kowa asiri. Wanda ya yi fitsarin kwance, wanda ya saci sukari, duk sai ta faɗa wa Allah a gabanmu. Amma kafin ta fara jero mu takan ce, "Da wanda Ka sani." Na taso ina jin wannan kullum ban san wa ake nufi ba. Sai da na yi wayo na tambayi yayata, ta ce, "Ke wawuya, Yaya Babba ne." Ko a gaban Allah ba ta iya kama sunansa.

Shi kuma bai taɓa ɗauke ƙafa don ransa ba. Kowace kaka sai dammunan hatsi sun iso daga ƙauye, idan Kirsimeti ta matso ya aiko da zabi, ko da yake ba bikinsa ba ne. Ita ma idan Salla ta zo sai ta ƙulla yadi da sabulu ta ce, "Auta, kai ma mutanen ƙauye." Kowa ya san mutanen ƙauyen nan mutum ɗaya ne. Idan ya zo da kansa kuwa, abin dariya abin tausayi. Zai yi sallama ya durƙusa daga nesa, ita kuma ta juya baya ta kama gyaran wutar da ba abin da ya same ta. "Kun zo lahiya?" za ta tambayi tukunya. "Lahiya lau," zai amsa wa ƙasa. Sai ta ce mu ba baƙo ruwa. Amma furar da za a kai masa ita ke dama ta da hannunta, ta zuba nonon da ta hana mu, sannan ta ja mana kunne, idan ya tambaya a ce matar ɗaya daga cikin ƙannensa ce ta dama. Ƴaƴansa kam ba ruwanta da kunyarsu. Ta kira wannan mijinta, ta kira wancan rago, ta cika musu aljihu da gyaɗa, uban yana gefe yana kallon ƙasa.

Akwai shekarar da matar Yaya ta sha wuyar haihuwa, aka kawo ta asibiti rai a hannun Allah, aka yi mata aiki. Inna ta tare a gefen gadonta. Ita ke yi mata wanka, ita ke wanke zannuwan jini, ita ke riƙe jariri. Lokacin azumi ne, dangin matar da suka biyo ta suna kwana a rumfa, Inna ce ke dafa musu abin buɗa baki, ta cika musu butoci da ruwan alwala. Wata daga cikin matan zumunta ta ce mata ga dama ta samu, ta yi wa surukarta wa'azi mana. Inna ta harare ta. "Mutum na kwance ba shi iya tashi, shi za ki tarewa da magana? In ta tashi da ƙahwahunta ta tambaye ni, sai in hwaɗa mata." Jaririn ya rayu, yana cikin waɗanda suka taya ubansu haƙa kabarinta.

Ni kam abin ya daɗe yana cina. Ba zan ɓoye ba, ni Kirista ce, abin da Inna ta ɗura mini a gindin turmi shi nake riƙe da shi, kuma na so a ce ɗan'uwana ya ji shi daga bakin da na ji. Abin da zai yi da shi bayan ya ji, wannan tsakaninsa da Allah ne. Baba ya taɓa gwada yi masa wa'azi lokacin Yaya yana saurayi, Baffa ya samu labari, ya hana shi zuwa gidanmu shekaru, daga nan Baba ya kama bakinsa don kada zumunci ya tsinke. Amma Baffa ya rasu, Baba ma ya bi shi, Yaya ya zama mai gidan kansa da ba wanda zai hana shi jin magana. Babu sauran shinge sai kunya. Na taɓa kai masa labarin "wanda Ka sani", ya yi murmushi ya ce Allah ya saka mata, ya koma zancen damina. Ban iya karanta komai a fuskarsa ba.

Wata rana ya zo ya tafi, an yi gaisuwar tukunya da ƙasa yadda aka saba, sai haƙurina ya ƙare. Auta ce ni, bakina ba shi da linzami, kowa ya sani.

"Inna," na ce, "ɗiyan mutane kin tara kin koya musu. Naki na cikinki shi zo shi tahi, ko 'zauna in hwaɗa maka' ba ki taɓa ce mai ba. Ran da Ubangiji ya tambaye ki shi, mi za ki cewa?"

Tana bakace a lokacin. Ta tsaya da faifai a hannu. "Ke auta, ki kiyaye ni. Ina kinka taɓa ganin uwa ta zauna da ɗan hwari tana zuba mai zance? So kike a yi da ni cikin Adar duka?"

"A yi da ke mana! Wa ya aza wagga kunya? Yesu na ya aza ta?"

Ban rufe baki ba faifan ya sauka a kafaɗata, hatsi ya watse, kaji suka samu biki. Ina da aure har da ƴaƴa, amma haka na sha shi. Ta shige ɗaki. Kwana da kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Ni ma na hau dokin zuciya, na ce ba zan ba da haƙuri ba tunda gaskiya na faɗa. Sai da yayata ta ja ni gefe ta ce gaskiyar da aka faɗa wa uwa a tsaye, a durƙushe ake gyara ta. Na je na durƙusa.

Ba ta dube ni ba. Tana tsince tsakuwa cikin wake ta ce, "Ran da anka ɗauke shi, nono na zuba hal zanena ya jiƙe. Ban yi kuka ba, ban leƙa ba. Tsohin garin duka sunka yaba ni, anka ce ɗiyar wance ta san kunya. Auta, abin da anka yabe ka a kai, wuyar bari gare shi." Sannan ta ƙara, "Kina tsammani ban san gaskiya kinka hwaɗi ba? Ki bar ni. Rana na zuwa." Na bar ta, muka yi ta jiran ranar, shekara na bin shekara.

Da ciwon ajalinta ya kama ta, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, likitoci suka ce zuciya ce ta gaji. Wata safiya a asibiti ina shafa mata mai a baya, sai ta ce, "Aika ƙauye. Ki ce shi zo, ina da magana." Ban tambaye ta wa ba. Na kira wayar ɗansa. Washegari da hantsi sai ga Yaya a bayan babur, rigarsa duk jar ƙasar hanyar Buza.

Na kori kowa daga ɗan ɗakin da aka ba ta, har da yayyena, na ja labule na tsaya a bayansa. Laɓe na yi, kuma ko a jikina. Yaya ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar gado. Inna ta juya fuskarta ga bango.

"An samu hatsi bana?" ta ce.

"An samu, alhamdu lillahi."

"Rijiyar gidan Baffa hwa, tana riƙe ruwa?"

"Tana riƙewa. Mun yashe ta."

Ina jin numfashinta, ina jin ƙarar keken marasa lafiya a baranda. Na dunƙule hannu ina cewa a raina, yi mana Inna, yi. Ta ja numfashi mai tsawo irin na wanda zai ɗauki kaya, har na rufe ido. Sai na ji ta ce, "To. A gaida mutanen gida."

Yaya bai tashi nan take ba. Ya daɗe zaune, sannan ya miƙa hannu ya ja mayafi ya rufe mata ƙafafun da suka fito, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Na shiga da faɗa a bakina, na tarar hawaye na gangara mata cikin kunne. Tunda nake ban taɓa ganin Inna tana kuka ba, ko ranar mutuwar Baba. Ta ɗora yatsa a maƙoshinta. "Maganar ta zo hal nan, auta. Hal nan ta zo, ta ƙi hita." Na ce ba komai, zai dawo, sai a sake gwadawa. Bai kai ga dawowa ba ta cika.

Da zaman makoki ya ƙare, mutanen ƙauye suka fara ɗaure kaya. Yaya ya idar da sallar la'asar a ƙofar gida, ya yi sallama ya shigo, ya zauna a bakin ɗakin Inna, inda bai taɓa zama ba tana raye. Na kawo masa ruwa na zauna kusa da shi. Na ga idan ban faɗa yanzu ba, ba ni da wata ranar.

"Yaya, ran nan a asibiti, akwai maganar da ta so yi maka."

"Na sani," ya ce. "Na ji ta tahe. Shi ya sa ban tashi ba."

Ya kurɓi ruwan. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Yana yaro, tun ba a haife ni ba, ƙaya ta taɓa ruɓa masa ƙafa, Baffa ya kawo shi asibiti, ya kwana biyu a gidanmu ana wanke masa ciwon.

"Kullum da sahe ina jin taɓarya," ya ce, "ina jin tana kiran ƙannena ɗaya-ɗaya, hal da ɗiyan da ba ita ta haihe su ba. Sai in ja ƙahwata in zo in zauna bakin zana, inda na san tana ganina. Tana ganina kuwa. Sai ta aiko min da kunu, ta ci gaba da labarinta da murya ƙasa-ƙasa."

"Kunya ta, Yaya. Allah ya sani ba wani abu ba na."

"Na san kunya ta. Yanzu na sani. Amma yaro bai san wannan ba, auta, abin da ya gani shi ya sani. Na ɗauka ta duba ta ga ban kai a ba ni ba." Ya shafa gemunsa. "Kar ki ji ni ba daidai ba. Ni Musulmi na, a kan haka za ni mutuwa in Allah ya yarda, kuma ban yi da-na-sanin gidan Baffa ba. Da ta ce min ran nan, ga abin da nika bi, zo mu bi, da haƙuri za ni ba ta."

"To mi kaka so ta ce?" na tambaya. Kuka nake yi, amma maganar ta fito kamar faɗa.

"Auta, ko baƙo ya iske ka kana cin tuwo, ka san ya ƙoshi, ai kana ce mai bisimilla. Abin da uwata ta ɗauka ya hi komi tsada wurinta, ta raba ma kowa. Da na ce mata alhamdu lillahi, na ƙoshi. Amma da an yi min tayi."

Ɗansa ya tayar da babur a waje. Yaya ya shanye ruwan, ya dafa bango ya miƙe, ya ce in gaida yara.

Allah ya ba ki hutawa, Inna. Kin ciyar da mu har mun ƙoshi, ba mu da bakin gode miki. Amma ɗanki na fari ya koma ƙauye da furfurarsa, kuma bisimillar da yake jira, ba mai iya yi masa ita sai ke.